Dangin Mama da Ba Mu Sani Ba

Mata uku ne suka zo gidanmu na Tudun Wada daga dangin yaron da ke neman 'yata, ƙannen mahaifinsa biyu da yayar mahaifiyarsa. Maza sun riga sun gama tasu maganar tun makon da ya wuce. Wannan zuwan na mata ne, a ga gida, a ga mutanen gida, a yi tambayoyin da maza ke jin nauyin yi. Ɓangaren mahaifin 'yar tawa ba su da damuwa da shi, don kafin ya rasu kowa ya san shi ya san gidansu. Nawa ɓangaren suka zo ji.

Na aika aka ɗauko Goggo, ƙanwar mahaifina, don irin wannan zama nata ne. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, amma ba abin da ya zube daga kanta. Da aka gaisa aka sha kunun aya, ta gyara zama ta fara. Ta faɗi yadda kakanmu ya baro ƙasar Kano da keken ɗinkinsa, ya sauka Bukuru zamanin haƙar kuza yana ɗinka wa leburori wando da taguwa. Ta faɗi ubansa marini, da uban ubansa, da matar da kowannensu ya aura da garin da aka ɗauko ta. Sai da ta kai kaka na bakwai sannan ta tsaya ta nemi ruwa.

Baƙin suka yi ta gyaɗa kai. Sai babbar cikinsu, wata mai sanyin murya, ta dubi labulen ɗakin da Mama ke kwance ta ce, "To Hajiya, ita kuma kakar yarinyar fa? Mun san Baturiya ce, mun kuma ji ba a taɓa jin kanta da kowa ba a unguwar nan. Amma 'yar wane ce a can?"

Goggo ta juyo gare ni. Na ce, "'Yar Ingila ce."

"Eh, mun ji haka. Wane gari? Iyayenta me suke yi?"

Sunan mahaifinta na sani, don na taɓa ganinsa a wata takarda. Bayan wannan babu. Shekarata hamsin da biyu a lokacin, ina zaune gida ɗaya da matar da ta haife ni, ina yi mata wanka ina ba ta abinci a baki, amma ban san sunan uwarta ba.

Goggo ce ta fitar da ni. Ta ce, "Ku bar tambayar nesa, ga ta kusa. Wannan amaryar tamu shekara hamsin da biyar tana cikinmu. Uwarmu ta yi shekara guda ba ta cin girkinta, amma a hannunta ta cika. Idan hali kuke nema, shi ke nan na faɗa muku."

Matan suka ce haka ne, Allah ya ba ta lafiya. Ba wanda ya ci mutuncin wani, an rabu lafiya, aka kuma sa rana. Amma bayan na raka su bakin titi suka hau keke, na dawo na tsaya a tsakar gida na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Abin da na sani game da zuwan Mama ɗan kaɗan ne, kuma daga bakin Goggo na ji shi, ba daga nata ba. An tura Baba Ingila koyon aikin safiyo yana saurayi. A garin da ya zauna akwai shagon burodi, ita ce ke sayarwa. Da ya gama karatu ya dawo da ita. Ta musulunta, aka sa mata sabon suna, aka ba su ɗaki a gidan kakanmu. Tun daga ranar Goggo ke ce mata amarya, har gashinta ya yi fari fat ba ta sauya ba.

Hausarta a kasuwa ta koye ta da wajen maƙwabta, shi ya sa ba ta raba mace da namiji. "Goggonki ya zo," haka take cewa. A Jos wannan bai dami kowa ba, rabin unguwarmu haka suke magana. Tana tuƙa tuwo, tana yin gwate, faten nan na mutanen Jos, da ya fi na maƙwabciyarmu da ta koya mata, tana zuwa suna da biki da zaman makoki da mayafinta. Masu dankali da kabeji na Tina Junction suna hango ta za su fara kira, "Mama Oyibo, zo ki ga na yau!" Ita kuwa ta tsaya ta yi ta ciniki da su kamar za a yi faɗa, a ƙarshe a rabu ana dariya. Sanyin Jos bai taɓa damunta ba. Idan aka yi ruwan ƙanƙara muna rawar ɗari, ita sai ta tsaya bakin ƙofa tana kallo.

Sau ɗaya na taɓa tambayarta. Ina aji huɗu na firamare, an ba da hutu, ƙawayena kowa na cewa za ta gidan kawunta. Na same ta tana feraye dankali na ce, "Mama, ni ba ni da kawu ne?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Akwai."

"Yana ina?"

"Nesa." Sai ta tura mini kwanon ɓawon ta ce in kai wa awaki.

Bayan kwana biyu Baba ya ɗauke ni a mota zuwa Kuru, inda yake aiki a lokacin. Mun wuce Bukuru sai ya rage rediyo ya ce, "Na ji kin tambayi mamanki danginta. Kada ki ƙara. Mahaifinta ya ce idan ta bi ni kada ta sake taka gidansa, ta kuwa biyo ni. Akwai ciwon da ba a sosawa." Baba ba mai faɗa ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga murya a gida ba, shi ya sa idan ya hana abu ya hanu. Na yi shiru shekara arba'in. Ƙannena maza biyu ma ban ji sun taɓa tambaya ba. Kullum ina ganin akwai lokaci.

Ashe babu. Bayan rasuwar Baba da shekara biyu Mama ta fara mantuwa. Da farko abin dariya ne, ta zuba gishiri a shayi, ta sa takalminta a firji. Sai wata rana ta fita sayen kayan miya ba ta dawo ba, har wata mai sayar da lemo a Tina Junction ta kawo ta gida, ta ce ta same ta tsaye bakin titi tana tambayar mutane da Turanci ina tashar jirgin ƙasa. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Lokacin ni ma na gama takaba, sai na tattaro ni da 'yata muka dawo gida.

Hausar ce ta fara tafiya. Kalma kalma ta riƙa zubewa, har ta kai idan na ce mata ga tuwo sai ta bi ni da kallo. Abin da ya rage Turanci ne, amma ba wanda take yi mana muna yara ba. Wani Turanci ne mai nauyi, ana haɗiye rabin kalma, na garinsu. Shekara ashirin da biyar ina koyar da Turanci a sakandare, amma sai in saurari uwata in kama ɗaya in rasa uku.

Washegarin zuwan baƙin na yi niyyar tambayarta, ko da Baba ya hana. Hankalinta ya fi zama da hantsi, idan ta karya ta fito tsakar gida da suwaitarta tana shan rana. Na jawo kujera kusa da ita, na riƙe hannunta, na yi mata Turanci a hankali.

"Mama, ba ni labarin babanki."

Ta daɗe tana kallon igiyar shanya. Sai ta ce, "Yatsu biyu ba ya da su. Injin ya cinye."

"Wane inji?"

"Na masaƙa." Ta ɗaga hannunta na dama ta lanƙwasa yatsu biyu ta nuna mini. "Tattabarunsa sun fi mu daraja. Idan ya dawo aiki wajensu yake fara zuwa."

"Mamanki fa?"

"Tana waƙa a coci. Ta mutu ina da shekara tara. An sa mini baƙin takalmi, ya matse ni."

"Yaya sunanta?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta tsaya. Na ga leɓenta na motsi. Ta nema, ta nema, sai idonta ya cika da tsoro, ta fizge hannunta ta ce in kira mata mijinta. Na bar maganar. Na sake gwadawa kashegari da jibi, amma ko dai ta maimaita zancen yatsun, ko ta tambaye ni ni ma'aikaciyar asibiti ce.

Na je na sami Goggo da wannan damuwar. Ina magana tana jan carbi. Da na gama sai ta ce in jawo mata akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta. Can ƙasan zannuwa ta lalubo wani gwangwanin biskit da ya yi tsatsa.

Ta ce, "Yaya ne ya ba ni ajiya, tun ba a haife ki ba. Ya ce zai karɓa, bai karɓa ba. Ni ban yi boko ba, ban san abin da ke ciki ba, ban kuma tambaya ba. Ranar da matan nan suka zo na tuna da shi. Na yi ta kai da komo a raina ko in ba ki ko in bari a binne ni da shi."

A nan ɗakinta na buɗe. Wasiƙu huɗu ne. Uku da rubutun Mama a bayan ambulan, da kan sarkin Najeriya, an aika su Ingila an dawo da su ba a buɗe ba. Wani ya soke adireshin da biro, da ƙarfi har takardar ta huje. Ta huɗun daga can ta zo, sunan Mama na haihuwa ne a kai, kuma an buɗe ta da wuƙa, a tsanake, yadda Baba ke buɗe wasiƙunsa.

Ƙanenta ne ya rubuto. Shafi ɗaya ne tak. Ya ce mahaifinsu ya rasu da sanyin da ya wuce, bai daɗe yana jinya ba. Ya ce ya rabar da tattabarun. Ya ce shi bai taɓa yin fushi da ita ba, yaro ne shi lokacin da ta tafi, ba shi da ta cewa, kuma sai bayan rasuwar ya ga adireshinta a cikin kayan tsohon. Ya ce gidan yana nan, ɗakinta yana nan, ta rubuto masa ko layi ɗaya ne ya san tana raye. Na duba kwanan watan. Saura wata uku a haife ni.

Na karanta wa Goggo da Hausa. Ta ajiye carbin ta riƙe baki.

Na ce, "Goggo, Mama ta ga wannan takardar?"

"Da ta gani ai ba za ta zo hannuna ba."

"To don me? Don me Baba zai yi mata haka?"

Ta ce, "Ki yi a hankali, mamaci kike magana a kansa. Shekarar nan amarya ta riga ta yi ɓari sau ɗaya, ga cikinki ya zo mata da wahala, tana kwance. An ce kada a tayar mata da hankali. Na san wannan kam."

"Bayan ta haihu fa?"

Goggo ta girgiza kai. "Wata ɗaya ya zama shekara. Wataƙila kunya ce ta hana shi, ta yaya zai ce mata ubanki ya mutu tun bara na ɓoye miki? Wataƙila kuma tsoro ya ji kada ta je ta ƙi dawowa. Yana son matar nan kamar ransa. Ban sani ba, 'yar nan. Allah kaɗai ya san abin da ke zuciyarsa."

A keke na yi ta kuka har gida, mai keken na ta cewa, "Madam, sorry, Allah ya ba da haƙuri," yana zaton mutuwa aka yi mini. Ina jin haushin Baba, amma ba ni da inda zan kai haushin. Mutumin da yake wanke mata ƙafa da ruwan ɗumi idan ta kumbura, shi ne ya bar ta shekara hamsin tana zaton ba wanda ya neme ta. Na kira ƙannena na gaya musu. Babban ya ce in bar maganar, tonon asirin mamaci ba shi da amfani. Ƙaramin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ajiye wayar.

Da hantsi na zauna kusa da Mama na karanta mata wasiƙar, kalma kalma. Ta saurara da kyau, hannunta a cinya. Da na kai ƙarshe ta yi murmushi ta ce, "Wasiƙa mai daɗi. Ta waye?"

Na ce, "Taki ce, Mama. Ƙanenki ne ya rubuto miki."

Ta ce, "Bai iya rubutu ba tukuna." Sai ta tambaye ni ko an kawo madara.

Duk da haka na rubuta wa adireshin. Ban sa rai ba, shekara hamsin ba kwana hamsin ba ne. Na faɗi ko ni wace ce, na sa hoton Mama da lambar wayata, na kai gidan waya. Aka yi bikin 'yata, Mama ta zauna cikin mata an yi mata lalle, tana tafi idan ta ga ana tafi. Aka kai amarya, gida ya koma daga ni sai ita. Damina ta shigo. Na daina duba waya da wata manufa.

Wata huɗu bayan nan, ina ofishin malamai ina makin takardun jarrabawa, saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba. Wata mata ce. Ta ce mutanen da ke gidan yanzu ba su san danginmu ba, amma sun nuna wa wata tsohuwa maƙwabciyarsu wasiƙar, ita ce ta tuna inda iyalin suka koma. Ta ce ita 'yar ƙanen Mama ce. Ta ce mahaifinta ya rasu bara waccan. Ta ce tun tana yarinya ta san tana da goggo da ta tafi Afirka, kuma mahaifinta ya rubuta mata sau ɗaya ba ta amsa ba, sai ya ɗauka ko ta mutu ko ba ta yafe musu ba. Bai ƙara rubutawa ba, amma bai yarda an jefar da hotunanta ba.

Bara waccan. A lokacin ina gidan nan, Mama na da sauran hankalinta rabi da rabi, gwangwanin kuma yana ƙarƙashin gadon Goggo, tafiyar minti goma a keke.

Ban iya gaya mata gaskiyar abin da ya faru da wasiƙar ba. Na ce mata kawai ba ta kai hannun Mama ba. Ta ce Allah sarki, da ma gidan waya na wancan zamanin. Na bar ta a haka, har yau kuma ban gyara ba.

Muka sa ranar Asabar za mu yi kiran bidiyo. Goggo ta ce lallai a ɗauko ta. Ta ce, "Ai taubashiyarki ce, 'yar kawu. Da a nan take da kun sha wasa." Na yi wa Mama wanka, na ɗaura mata ɗankwali mai kyau, na zaunar da ita inda haske yake. Da fuskar matar ta fito a waya sai na gane ta nan take. Haɓar Mama ce, da yadda take ɗan karkata kai idan tana sauraro. Na girme ta da 'yan shekaru. Tana ganin Mama ta rufe baki da hannu ta fara kuka, tana kiranta da sunanta na haihuwa, sunan da ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba.

Mama ta ƙura wa wayar ido. Sai ta gyara mayafinta, ta ɗan rusuna, ta ce da Hausa, "Sannu da zuwa. Yaya hanya? Yaya mutan gida?"

Wata takwas rabon da in ji Hausa a bakinta. Na ce mata da Turanci, "Mama, 'yar ƙanenki ce. Yi mata Turanci." Ta juyo ta ce mini, da Hausa dai, "Baturiya ne. Ki kawo masa ruwa, ya sha hanya." Haka aka yi kiran har ƙarshe. Matar na magana da Turancin garinsu, wanda Mama ke yi mini kullum ina kasa ganewa, Mama kuwa na amsa mata da Hausar kasuwa, cikin ladabi, kamar yadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Ni ina tsakiya ina fassara, ban san me nake fassarawa ba. Goggo na gefe tana share ido da bakin mayafi.

Daga baya taubashiyar tawa ta turo mini abin da take da shi. Mahaifinta bayan ya yi ritaya ya bi coci coci da ofisoshin rajista yana haɗa sunayen kakanninsu. Shafi uku ne. A nan na ga sunan kakata, uwar Mama. Na ga ubanta mahaƙin kwal ne, uwarta wankau take yi wa masu hali, ta haifi tara huɗu suka rayu. Ta wajen uba kuwa masaƙa ne tun daga sama har ƙasa, uba ya ba ɗa, a gari ɗaya, kusan a layi ɗaya. Na tambaye ta wane irin mutane ne. Ta ce ita ma sunaye kawai ta sani, mahaifinta ba mai yawan magana ba ne, kuma wadda za ta iya ba da labarinsu ita ce yayarsa, wato Mama. A ƙasan sunan Mama ya rubuta ranar haihuwarta, sannan ya bar fili.

Na karanta wa Mama sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ba ta motsa ba sai a kan guda, kakarta mai wankau. Ta ce, "Hannunta ja ne. Kullum ja." Na jira ko za ta ƙara. Ba ta ƙara ba.

Kuskurena shi ne hotunan. Taubashiyata ta turo guda biyu, na kai aka wanke mini su. Na farko kawuna ne da tsufansa, mai sanƙo, yana zaune a lambu. Mama ta duba ta miƙo mini. Na biyu yaro ne ɗan shekara goma ko sha ɗaya, da gajeren wando, ya rungume tattabara a ƙirji yana runtse ido saboda rana. Tana ganinsa ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ta fizge hoton, ta kira sunansa sau uku. Ta yi dariya, ta sumbaci takardar, ta yi ta zuba magana da sauri har ban kama ko rabi ba. Na ji dai ta ce ita ke tsefe masa kai, ita ke raka shi makaranta, kuma ranar da za ta tafi ya ɓuya a ɗakin tattabaru ya ƙi fitowa su yi sallama. Na yi murna a ranar. Na zaci na buɗe wata ƙofa.

Kashegari da ta farka abin da ta fara tambaya shi ne, "Ya zo?"

Na ce, "Wa?"

Ta faɗi sunansa. Ta ce an tashi makaranta tun ɗazu, ya kamata a ce ya iso.

Na zauna bakin gadon na gaya mata gaskiya. Na ce ya girma, ya yi aure, ya haifi 'ya, ya tsufa, Allah ya yi masa rasuwa. Ta dube ni, ta fahimta sarai. Ta yi kuka irin na wadda aka yi wa mutuwa yanzu yanzu, ta ƙi cin abinci, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya har la'asar. Da gari ya waye ta sake tambaya, "Ya zo?" Ba ta tuna komai na jiya ba. Na sake gaya mata, ta sake yin kukan daga farko. A rana ta uku na kasa.

Na ce, "Yana hanya, Mama."

Ta ce, "To a ajiye masa abinci."

Na ɓoye hoton, amma tambayar ba ta tafi ba. Yau wata bakwai ke nan. Goggo ta ce ƙarya ba kyau ko ga mara lafiya, in ce mata Allah ya sani kawai. Na gwada, sai ta tashi hankalinta a tashe ta nufi ƙofa wai za ta nemo shi. Likita ya ce in faɗi duk abin da zai kwantar mata da hankali. Taubashiyata ta ce in kawo ta Ingila ko sau ɗaya ta ga garin, amma matar da ba ta iya zuwa bakin titi ba tare da ta firgita ba, ina za ta iya jirgi? Ita ma ta ce za ta zo Jos, sai dai mijinta ba shi da lafiya, ta ce wataƙila baɗi.

Saboda haka kullum da safe, kafin in fita makaranta, ina zuba abinci a ƙaramin kwano in rufe, in ajiye kan tebur inda za ta riƙa ganinsa. Maƙwabciyarmu da ke zama da ita ta san zancen, ba ta taɓa kwanon. Idan na dawo da azahar Mama takan ce mini yaron nan ya cika yawo, idan ya shigo in yi masa faɗa. Nakan ce to.